Na Sauya Salansa, Babur Ya Sauya Hali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saitin Kafireta

Wanda ya cire salansar kamfani ya ɗaura wata, ranar farko murna yake yi. Ƙara ta yi masa daɗi, babur ya rage nauyi, yana ji kamar an ƙara wa injin ƙarfi. Bayan kwana uku sai ƙorafi ya fara: silo ya ƙi zama, in an saki totur sai harbi tas-tas, ko a tsakiyar gudu babur ya riƙa jan numfashi kamar mai haki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin masu babur mai kafireta bayan irin wannan sauyi.

Dole ne in taɓa kafireta don kawai na sauya salansa?

Ba kullum ba. Ya danganta da abin da ka sauya. In tulun ƙarshe kaɗai ka sauya, ka bar bututun da ya fito daga kan inji yadda yake, kuma ba ka zare abin rage ƙarar da ke cikin tulun ba, sau da yawa ɗan juya sukurun haɗi ya wadatar, wani baburin ma ko a jikinsa. In kuwa ka sauya duka, tun daga bakin inji har wutsiya, musamman in sabon bututun ya fi na asali faɗi, to ka shirya buɗe kafireta. Wanda ya haɗa da sauya iyakilina ko cire akwatin iska, shi kam babu makawa.

Akwai dalilin da ya sa ƙaramin sauyi ke saurin bayyana. Babura da yawa tun daga kamfani aka saita su da ɗan ƙarancin mai a silo da ƙaramin totur, domin su tsallake dokokin hayaƙi na ƙasashen da ake sayar da su. Wato dama a bakin gaɓa suke tsaye. Sabuwar salansa ɗan turi kawai ta yi.

Me ya haɗa salansa da kafireta, alhali ɗaya na shigar da mai, ɗaya na fitar da hayaƙi?

Inji numfashi yake yi, kuma abin da ya fita shi ke ba abin da zai shiga wuri. A inji mai bugu huɗu akwai wani ɗan lokaci, lokacin da fistin ya kai ƙololuwa a ƙarshen fitar da hayaƙi, da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. A wannan ƙiftawar ido, hanya a buɗe take tun daga kafireta har bakin salansa. Hayaƙin da ke gudu a cikin bututu yana barin zuƙa a bayansa, zuƙar nan kuma tana taimakawa wajen jawo sabon haɗin iska da mai zuwa cikin silinda. Tsawon bututu da faɗinsa su ke ƙayyade a wane juyin inji wannan taimako zai zo daidai. Ka sauya bututu, ka sauya numfashin injin gaba ɗaya.

Ita kuwa kafireta ba ta da ƙwaƙwalwa. Ramukan da ke cikinta an auna su ne da numfashin tsohuwar salansa. Fetur na ƙonewa ƙurmus idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Amma inji ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen 12.5 zuwa 13 ga 1. Duk aikin saiti ƙoƙari ne na tsayar da haɗin kusa da waɗannan lambobi a kowane matakin totur.

An ce mini inji na buƙatar salansa ta ɗan danne hayaƙi, in ba haka ba ƙarfi zai tafi. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe, amma an juya ta. Danne hayaƙi ba ya ƙara wa inji mai bugu huɗu komai, aiki kawai yake ƙara wa fistin. Abin da injin ke so shi ne hayaƙi ya fita da sauri. A siririn bututu hayaƙi na gudu ko da injin na juyawa a hankali, saboda haka zuƙar da muka ambata tana da ƙarfi tun daga ƙasa. A ƙaton bututu kuwa hayaƙin kan yi sanyin jiki a ƙaramin juyi, sai babur ya rasa ƙarfin tashi, ya koma sai an matsa shi sama kafin ya farka. Mutum ya ga haka sai ya ce rashin danniya ne, alhali rashin gudun hayaƙi ne.

Kamfanoni sun daɗe da sanin wannan. Yamaha ta fito da bawul ɗin EXUP a 1987, wanda ke tsuke hanyar hayaƙi a ƙaramin juyi, ya buɗe ta a babba. Wanda ya cire salansa mai irin wannan bawul ya sa wadda ba ta da shi, zai iya samun rami a tsakiyar ƙarfin injinsa, kuma babu jet (ɗan sukurun tagulla mai rami da ke auna man da ke wucewa a kafireta) da zai cike ramin nan gaba ɗaya.

Kenan sabuwar salansa kullum ƙarancin mai take jawowa?

Galibi, amma ba kullum ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata. Gajeren bututu buɗaɗɗe kan sa a wani matakin juyi matsin hayaƙi ya dawo baya a daidai lokacin da bawul biyu ke buɗe, ya tura iskar da ta riga ta shiga ta koma ta cikin kafireta, sannan inji ya sake zuƙo ta. Kafireta ba ta san gaba da baya ba. Duk sanda iska ta ratsa ta, mai take zubawa. Iska ɗaya ta wuce sau uku, ta ɗebi mai sau uku. Sakamakon shi ne babur mai yawan mai a tsakiya, mai ƙarancin mai a sama. Wanda ya tafi da ƙa'idar "sabuwar salansa, ƙara jet" zai ƙara wa Borno dawaki ne a daidai wurin da man ya riga ya yi yawa.

To yaya zan gane mai ne ya yi kaɗan ko yawa ya yi?

Idan mai ya yi kaɗan, babur kan yi wuyar tashi da safe, ya daɗe yana neman cok. In ka murza totur ka saki, juyin inji kan maƙale a sama na ɗan lokaci kafin ya sauko. In ka buɗe totur farat ɗaya sai ya yi shiru kamar zai mutu, sannan ya ɗauka. A gudu madaidaici yana zabura yana ja da baya. Injin na zafi fiye da yadda ka saba, wani lokaci har ya yi tari ta cikin kafireta.

Idan mai ya yi yawa, yana tashi da safe ba tare da cok ba, abin da wasu ke ɗauka alamar lafiya ce, alhali ba ita ba ce. Sautinsa kan yi nauyi, yana ɓarɓarwa kamar mai kurkure baki. In ka saki totur juyin kan faɗi ƙasa da silo, ya yi kamar zai mutu kafin ya farfaɗo. Bakin salansa ya yi baƙin toka, hayaƙi na warin ɗanyen fetur.

Gwaji biyu na da sauƙi. Na farko, lura da zafi: matsalar da ke raguwa yayin da inji ke ɗumama ƙarancin mai ce, wadda ke ƙaruwa da zafi kuwa yawan mai ce. Na biyu, ka ɗan ja cok kaɗan a daidai inda babur ke gardama. In ya gyaru, ƙishin mai yake ji. In ya ƙara lalacewa, ya riga ya ƙoshi.

Wane ɓangaren kafireta zan taɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dukkan sauran muhimmanci, kuma amsarta tana hannunka na dama, ba a agogon gudu ba. Kafireta ba hanya ɗaya take ba da mai ba. Hanyoyi ne da ke miƙa wa juna aiki gwargwadon buɗewar totur.

Daga rufe zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, jet na silo ne da sukurun haɗi ke riƙe da inji. Daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa uku cikin huɗu, allura ce, wato siririn ƙarfen da ke zaune cikin ramin da mai ke fitowa. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet ne. Iyakokin ba a yanke suke da wuƙa ba, suna shiga juna, amma taswirar kenan.

Saboda haka kafin ka kwance ko noti ɗaya, liƙa ɗan salatif a jikin hannun totur, ka yi masa alamar rufe, kwata, rabi, kwata uku da cikakke. Hau babur bayan ya yi zafi sosai, ka lura a wace alama yake gardama. Mafi yawan mutane kan yi mamakin abin da suke gani: tafiyar da suke ɗauka ta rabin totur ce, ashe ko kwata ba ta kai ba. Tuƙin yau da kullum kusan duk a kan jet na silo da gindin allura ake yin sa. Amma da zarar an ce saiti, babban jet kowa ke rugawa ya sauya, domin shi ne mai sauƙin cirewa kuma shi ne mai suna. Sai mutum ya sauya shi sau huɗu, matsalar na nan daram, domin a inda take babban jet bai ma fara aiki ba.

Akwai abin da ya kamata in duba kafin in fara sauya jet?

Akwai, kuma tsallake shi ne ke sa aikin yini ɗaya ya zama na wata guda. Tazarar bawul ta zama daidai da abin da littafin babur ya ce. Iyakilina ta zama mai tsabta. Fulogi ya zama lafiyayye. Kafiretar kanta a wanke ta, musamman jet na silo, wanda raminsa siriri ne ƙwarai, kwantaccen fetur na watanni ya isa ya toshe rabinsa. Kada ka zura masa waya mai tauri, tagulla ce, za ka faɗaɗa ramin ba ka sani ba.

Sai robar da ke tsakanin kafireta da inji. In ta tsage ko maɗaurinta ya saki, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, kuma alamominta daidai suke da na ƙaramin jet. Ka bar inji a silo, ka ɗan fesa maganin wanke kafireta a kewayen robar. In juyin ya sauya, ka kama ɓarawon. Yi hattara da fesawa kusa da bututu mai zafi.

Sai tsayin fulot, wato abin da ke yawo a kan mai cikin kofin kafireta yana tsayar da shi a mataki ɗaya. In man ya hau sama da ƙa'ida, duk hanyoyin nan uku za su ba da mai fiye da kima. In ya yi ƙasa, duk za su gaza. Babur mai kafireta biyu ko huɗu kuma sai an daidaita su da ma'aunin zuƙa su riƙa buɗewa tare.

Wani ɗan abu da ke ɓata rai: sukurorin kafiretocin Japan ƙirar JIS ne, wato ma'aunin masana'antun Japan. Sun yi kama da na Phillips amma ba ɗaya ba ne, kuma sukundireban Phillips na cinye musu kai. Nemi na JIS tun kafin ka fara.

In na saki totur sai babur ya riƙa harbi. Injina na lalacewa ne?

Yawanci a'a. Idan ka rufe totur a cikin gudu, haɗin da ke shiga silinda kan yi ƙaranci har ya kasa kamawa a wasu bugun, sai ya fita ɗanye ya taru a bututu mai zafi, ya haɗu da iska ya fashe a can. Mai yiwuwa tsohuwar salansa ma tana yi, kaurinta ne ke ɓoyewa.

In harbin ya yi yawa, fara da gasket ɗin da ke tsakanin bututu da kan inji. Zoben nan na matsewa ne sau ɗaya, kuma mutane da yawa kan mayar da tsohon. Iska na shiga ta nan, da kuma ta mahaɗar tulu da bututu. Sa sabo, ka sake ɗaure notocin bayan inji ya yi zafi ya huce.

Bayan haka, babura da yawa na da wata na'ura da ke tura iska mai tsabta cikin hanyar hayaƙi da gangan, don ƙone ragowar mai. Honda da Suzuki na kiranta PAIR, Yamaha na kiranta AIS. Da buɗaɗɗiyar salansa tana ƙara harbi sosai. Toshe ta na rage harbin, amma yana ƙara gurɓata iska, kuma a ƙasashe da dama ya saɓa doka. In duk waɗannan lafiya suke, to sai a koma kan sukurun haɗi. Abin da ba zai yi maganin harbin nan ba shi ne babban jet, domin totur a rufe yake.

Yaya ake saita sukurun haɗi? Wani ya ce in sassauta, wani ya ce in ɗaure.

Duk su biyun na iya yin gaskiya, domin sukurun iri biyu ne. Dubi inda yake zaune. In yana ɓangaren inji, sukurun mai ne: sassautawa na ƙara mai. In yana ɓangaren iyakilina, sukurun iska ne: sassautawa na ƙara iska, wato rage mai. Yawancin masu bugu huɗu na farkon gare su, yawancin masu bugu biyu na biyun.

Da farko ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin. A hankali na ce, tsininsa siriri ne, in ka danna zai karye ya maƙale a ramin. Mayar da shi inda yake, tayar da inji ya yi zafi sosai, ka ɗan ɗaga silo. Sai ka riƙa juya shi kwata-kwatan zagaye, kana jiran daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar bayan kowane juyi. Kana neman inda inji ya fi sauri da santsi. Ka same shi, sai ka mayar da silo matsayinsa da ɗaya sukurun, wato na ɗaga silo. Kada ka yi wannan aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙin na kisa.

Sukurun da kansa zai gaya maka ko jet na silo ya yi. A mai sukurun mai, in ka wuce zagaye uku kana sassautawa inji na ƙara jin daɗi, jet ɗin ya yi ƙanƙanta, kuma daga nan sifirin ɗin ba ya riƙe sukurun sosai, zai iya faɗuwa a hanya. In kuwa ka ɗaure shi kusan gaba ɗaya inji bai damu ba, jet ɗin ya yi girma. A mai sukurun iska lissafin a juye yake. Wasu babura, musamman waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, an rufe sukurun da murfin ƙarfe, sai an huda murfin a hankali an zare shi.

Allura fa? Sama zan kai kilif ko ƙasa?

Allura siririya ce a ƙasa, mai kauri a sama, tana zaune cikin ramin da mai ke fitowa. Ɗaga ta na ƙara mai. Abin da ke rikita mutane shi ne kilif, wato ɗan zoben da ke riƙe allura a tsaginta, da allura ba hanya ɗaya suke bi ba: ka saukar da kilif zuwa tsagin ƙasa, allura ta ɗagu, mai ya ƙaru. Ka hau da shi, allura ta nutse, mai ya ragu. Yawancin masu tsagi biyar gare su, ana ƙirgawa daga sama, na uku ne tsakiya. Tsagi ɗaya ake matsawa, a gwada.

Allurar kamfani a babura da yawa ba ta da tsagi ko ɗaya. Ita ana sa mata siririn washa a ƙarƙashin kai, mai kaurin kamar rabin milimita. Ɗaya ko biyu. In ka kai uku ba ka ga daidai ba, siffar allurar ce ba ta dace da sabon numfashin ba, sai a nemi wata. A ganina wannan ɗan washa ya fi gyara babura masu sabuwar salansa fiye da duk wani babban jet.

Babban jet lamba nawa zan sa?

Babu wanda zai ba ka lamba daga nesa ya yi gaskiya, ko da baburinku iri ɗaya ne. Abin da za a iya ba ka hanya ce. Sayi girma uku a jere sama da naka. Fara da mafi girma, ka riƙa saukowa. Dalili kuwa, yawan mai fulogi kawai zai baƙanta, amma ƙarancinsa a cikakken totur na iya ƙone bawul ko ya huda fistin.

A hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso, a giya ta sama, buɗe totur gaba ɗaya har inji ya kai babban juyi, sai ka ɗan sassauta kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin takwas. In babur ya ƙara ja lokacin da ka sassauta, jet ya yi ƙanƙanta. In ya yi tuntuɓe ko ɓarɓarwa, ya yi girma. Wanda ya dace shi ne mafi girman da inji ke ja da shi sumul har ƙarshe.

Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a rubuta a takarda. Wanda ya sauya jet da allura da sukuru a zama ɗaya, in babur ya gyaru bai san dalili ba, in ya lalace bai san hanyar komawa ba. Masu kafireta irin ta CV, wadda zuƙar iska ke ɗaga allurarta ba wayar totur ba, kan fara da babban jet, sannan allura, sannan silo, domin babban jet na shafar abin da allura ke bayarwa a samanta.

Jet lamba 120 na Keihin daidai yake da 120 na Mikuni?

A'a. Kowane kamfanin ƙera jet da ma'auninsa. Lambar Keihin na bin faɗin rami ne. Mikuni na da nau'i fiye da ɗaya, kuma masu kai mai kusurwa shida lambarsu na nuna yawan man da ke wucewa ne. Dynojet ma nata daban. Hatta matakan ba ɗaya ba ne: Keihin na tafiya 120, 122, 125, 128, 130, masu zagayen kai na Mikuni kuwa 120, 122.5, 125. Tsaya a kan kamfani ɗaya. Jet marar tambari kuma lambar da ke jikinsa ado ce kawai, biyu masu lamba ɗaya na iya bambanta.

Kada ka huda jet da kanka don ƙara masa faɗi. Wanda zai buɗe kafiretar bayanka, ko kai da kanka bayan shekara, zai gaskata lambar da ke rubuce.

Kalar fulogi na faɗin gaskiya?

Tana faɗa, in an tambaye ta yadda ya dace. Fari fat ƙaranci ne, baƙi mai toka yawa ne, ruwan ƙasa mai haske shi ake so. Amma fulogin da ka ciro bayan ka dawo gida ka bar inji a silo, labarin silo kawai zai ba ka. Don ka karanta babban jet, sai ka sa sabon fulogi, ka riƙe cikakken totur na ɗan lokaci, ka kashe inji da makunni tare da kama kuloci a lokaci guda, ka gangara ka tsaya. Wurin dubawa kuma can cikin gindin farin tangaran ne, ba tsininsa ba. Fetur na zamani marar dalma ba ya rina fulogi kamar na da, saboda haka fari-fari kaɗan ba abin firgita ba ne. Abin firgita shi ne ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli a jikin tangaran. Fistin ne ke narkewa. Tsaya nan take.

Sabon bututuna ya koma shuɗi. Ƙarancin mai ne?

Ba lallai ba. Bututun kamfani sau da yawa ruɓi biyu ne, na ciki ke shan zafi. Na kasuwa ruɓi ɗaya ne, dole ya sauya kala kusa da kan inji, na titaniyam ma ado ake ɗaukar shuɗinsa. In dai bututu ɗaya cikin biyu ko huɗu ya fi 'yan'uwansa sauyawa nesa ba kusa ba, duba wannan silindar.

Ina so in cire akwatin iska in sa ƙananan iyakilina masu siffar mazurari. Shawara?

In kafiretarka CV ce, shawarata ka bari. A irin wannan kafireta wayar totur ba ita ke ɗaga ƙaramin fistin da allura ke maƙale a jikinsa ba. Zuƙar iska ce ke ɗaga shi ta hanyar wata roba mai laushi a saman kafiretar. An ƙera ta ne da natsattsiyar iskar da akwati ke bayarwa. Ka cire akwatin, fistin ɗin ya rasa natsuwa, iskar gefe ma ta isa ta sauya halin babur, ruwan sama kuma ya zama abokin gaba. Ana iya shawo kanta da sauya allura da sifirin da jet mai girma sosai, amma aiki ne mai cin rai, kuma sau da yawa tsakiyar ba ta komawa kamar da. Kafireta mai waya kai tsaye, irin su Mikuni VM ko Keihin FCR, ta fi haƙuri da wannan.

Nawa mai bugu biyu ne. Duk abin da aka faɗa ya shafe ni?

Ya shafe ka, har da ƙari. A mai bugu biyu salansa rabin inji ce. Kumburin nan na tsakiyarta yana zuƙo hayaƙi, sannan ya mayar da matsi baya ya tura sabon haɗin da ya tsere ya koma silinda kafin ƙofar fitar hayaƙi ta rufe. Injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas shi ya kai wannan fasaha ga nasara a shekarun 1950, kuma bayan matuƙinsa Ernst Degner ya tsere a 1961 ya koma Suzuki, ta bazu a Japan. Sauya irin wannan salansa na sauya zafin da ke kan fistin sosai.

Ga shi kuma in kana haɗa baƙin mai da fetur a tanki, ta jet ɗaya suke wucewa, saboda haka ƙarancin mai na zuwa da ƙarancin maiƙo. Mai bugu huɗu kan yi gargaɗi na makonni. Mai bugu biyu na iya kamewa a minti ɗaya, kuma abin takaici, daf da kamewar ne ya fi daɗin ja. Sannan ƙara baƙin mai a tanki ba ya maganin ƙarancin fetur, ƙara shi yake yi, domin baƙin man ya cinye wurin fetur a ramin jet.

Na saita shi ya yi daidai, bayan 'yan watanni ya sauya. Me ya faru?

Iska ce ta sauya. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka lokacin sanyi haɗin kan karkata zuwa ƙaranci, lokacin zafi da laima zuwa yawa. Hawa tudu ma haka: nauyin iska na raguwa da kusan kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300, shi ya sa babur da aka saita a bakin teku ke ɓarɓarwa a kan tsauni, wanda aka saita a tsauni kuma ke shiga haɗari in ya sauko. Fetur mai kashi 10 na itanol na buƙatar iska ƙasa da tsantsar fetur, wajen 14.1 ga 1, don haka shi ma yana ɗan jawo ƙaranci. Kada ka manta da audugar gilashin da ke cikin tulun salansa. Tana ƙonewa a hankali, ƙara ta ƙaru, numfashi ya sauya.

Babu na'urar da za ta hutar da ni daga wannan lalube?

Akwai. Ana walda ɗan soket a jikin bututu a ɗaura na'urar auna iskar oksijin mai faɗin zango, irin Bosch LSU 4.9, ta riƙa nuna maka lambar haɗin kana tafe. Ko a ɗora babur a kan na'urar daino, a ga ƙarfi da haɗi a kowane juyi. Sai dai a kula: in an sa ma'aunin kusa da bakin gajeriyar salansa, ko akwai yoyo, ko na'urar tura iskar nan (PAIR ko AIS) na aiki, zai nuna ƙarancin da babu shi, musamman a silo.

In na gama duk wannan, ƙarfi nawa zan samu, kuma shan mai zai ƙaru?

A ƙaramin babur mai silinda ɗaya, abin da za ka samu kaɗan ne, kunne ya fi jin sa fiye da agogo. A babban inji da salansar kamfani ta shaƙe, cikakken sauyi tare da saiti mai kyau na ba da ƙarin da jiki ke ji, yawanci a sama, wani lokaci a bakin ɗan abin da aka rasa a ƙasa. Ragin nauyi kuwa tabbas ne. Shan mai zai ɗan ƙaru in ka ƙara jet na silo ko ka ɗaga allura. In ya ƙaru sosai, ka wuce gona da iri a allura ko fulot ya hau, koma ka duba. Wani kason kuma hannunka ne, domin mai sabuwar salansa ba ya gajiya da murza totur.

Baburina ba shi da kafireta, allurar fesa mai gare shi. Yaya zan yi?

Ciwon ɗaya ne, maganin ne daban. Babu jet da za ka sauya, kwamfutar inji ce ke riƙe da lissafin. In akwai na'urar auna oksijin, tana ɗan gyara haɗin da kanta a silo da tafiya madaidaiciya, amma ba a cikakken totur ba. Don cikakken sauyin salansa sai an sake rubuta taswirar man da ke cikin kwamfutar, ko a ƙara mata akwati irin Power Commander. Gasket ɗin bakin bututu kuwa, kai ma sabo za ka sa.